A Bar Baƙo Ya Ɓata a Shinjuku

Akwai wani bawan Allah da na ɗauki alkawarin tsaya wa, tun da na lura ba shi da lauya a duniya: baƙon da ya je yawon buɗe ido birnin Tokiyo, ya shiga tashar jirgin ƙasa ta Shinjuku da hantsi, har azahar bai ga rana ba. Mutanen gida suna can suna baza labari wai wane yana Japan yana kallon Dutsen Fuji, alhali wane yana ƙarƙashin ƙasa, jaka a hannu, gumi a goshi, ya yi ta wucewa ta gaban shagon burodi guda har mai shagon ta fara rusuna masa gaisuwar sabo. Kowa dariya yake masa. Ni kuwa a ganina, duk cikin masu zuwa Japan babu wanda ya mori kuɗin jirginsa kamar wannan mutumin, kuma ina da hujja.

Da farko dai a yi masa adalci, ɓatan nan nasa ba na wauta ba ne. Kundin bajinta na Guinness ya sanya Shinjuku a matsayin tashar da ta fi kowace cunkoso a duniya, fiye da mutum miliyan 3 ke ratsa ta kowace rana, ƙofofin fitarta kuma sun haura 200. Masu jirage har biyar ne ke juye fasinja a cikinta, wato JR East da Odakyu da Keio da Tokyo Metro da Toei, kowa da nasa shingen tikiti. In aboki ya ce masa su haɗu a ƙofar kudu, zai tarar akwai ƙofar kudu, akwai sabuwar ƙofar kudu, ga kuma ta kudu maso gabas, kowacce da masu jiran wani a bakinta. Sannan a kewayen akwai wasu tashoshin daban da suka ari sunan: Shinjuku-sanchome, Nishi-Shinjuku, Seibu-Shinjuku, Higashi-Shinjuku. Magabata sun ce matambayi ba ya ɓata, to amma a nan shi ma wanda aka tambaya sai ya ɗaga kai ya karanta allo tukuna kafin ya buɗe baki.

Yanzu a duba abin da wanda bai ɓata ba ya samu. Ya hau hasumiyar Skytree mai tsawon mita 634 da aka buɗe a 2012, ya je wurin bautar Sensoji a unguwar Asakusa, ya bi layi a Shibuya don ɗaukar hoto da gunkin Hachiko, karen nan da ya shekara tara da wani abu yana zuwa tasha jiran ubangidansa da ya rasu. Duk waɗannan ya riga ya gan su a waya tun yana gida, ya dai je ya tabbatar suna nan inda aka ce. Shi kuwa ɓataccen namu, kowace kunya da ya sha darasi ce da ba a sayarwa a shagon tsaraba. Ya tsaya a hannun dama na matakala mai tafiya da kanta, ya ji mutane sun taru a bayansa babu mai cewa uffan, nan ya gane a Tokiyo hagu ake tsayawa. In ya kai Osaka da wannan sabon ilimin sai ya sake shan kunya, don can dama ake tsayawa. Wayarsa ta yi ƙara a cikin jirgi, ya ɗauka ya soma ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mutanen gida, sai ya lura muryarsa kaɗai ke tashi a taragon da ke cike maƙil. Ya ci ayaba ya nemi kwandon shara ya rasa, ya yini da ɓawon a aljihu. Bai sani ba tarihi yake ɗauke da shi: bayan harin iskar guba ta sarin da ƙungiyar Aum Shinrikyo ta kai a jiragen ƙarƙashin ƙasa ranar 20 ga Maris, 1995, aka kwashe kwanduna da yawa daga tashoshi, mutane kuma sun saba kai shararsu gida. In ya makara da minti ɗaya jirgi ya tafi ya bar shi, ya san da irin mutanen da yake hulɗa: a watan Nuwamba na 2017 kamfanin layin Tsukuba Express ya fito ya nemi afuwa saboda jirginsa ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokaci. In kuwa jirgin ne ya yi latti, akwai takardar shaida da ake bai wa fasinja ya nuna wa shugabansa a wurin aiki.

Ko kuskuren hawa jirgi ma a nan riba ce. Layin Yamanote zobe ne, kilomita 34.5, tasha 30, zagaye guda kimanin awa ɗaya. Wanda ya hau ta baibai ba ya buƙatar komai sai haƙuri da kujera. Zai ga Ikebukuro da Ueno da Akihabara da Shinagawa da Shibuya ta taga, kuma a ƙarshe a sauke shi inda ya nufa tun farko.

Za a ce da ni ai zamanin ɓata ya wuce, kowa da taswira a wayarsa. Na yarda wayar tana da amfani, tana faɗin lambar dandamali da mintin tashi daidai. Sai dai ɗigon nan shuɗi da ke nuna inda mutum yake, da an sauka ƙasa shi ma yakan rikice ya shiga yawo, domin tauraron ɗan'adam ba ya leƙa rami, kuma bai san ko kana hawa na biyu ne ko na uku ba. In an fito sarari ga wata sabuwa: yawancin titunan Tokiyo ba su da suna, ana bin lambar yanki da lambar rukunin gidaje ne. Shi ya sa har gobe ɗan ƙaramin ofishin 'yan sanda na bakin hanya yake ajiye da taswirar unguwa, nuna hanya na cikin aikinsa na yau da kullum.

Wani kuma zai ce, mutum ya sha wahalar biza, ya biya kuɗin jirgi mai tsada, sannan a ce ya ɓarnatar da yini a rami? Tambaya ce mai nauyi, amma a duba inda masu tattalin lokaci suke ƙarewa. A 2024 baƙi kusan miliyan 37 ne suka shiga Japan, kuma wayoyinsu wuri guda suke aika su. A garin Fujikawaguchiko akwai wani shagon Lawson da Dutsen Fuji ke leƙowa ta saman rufinsa. Masu hoto suka yi ta dafifi a wurin, suna tsallaka titi yadda suka ga dama, suna zubar da shara, har a watan Mayu na shekarar hukumar garin ta kafa baƙin labule ta tare dutsen. Dutse mai tsawon mita 3,776 aka sa wa lulluɓi saboda mutanen da suka san hanya sarai. Dama kuma a lokacin zafi sau da yawa gajimare ne ke rufe shi kyauta. Ban taɓa jin garin da ya kafa labule saboda wanda ya ɓata ba.

Ƙorafi ɗaya ne ya fi ƙarfina, kuma ba zan yi gardama da shi ba: ɓataccen baƙo yana iya zama ƙaya ga masu gari. Wanda ya ja ƙaton akwati ya tsaya cak a bakin matakala da ƙarfe takwas na safe, lokacin da ma'aikata masu fararen safar hannu ke danna mutane cikin tarago don ƙofa ta rufu, ko namijin da ya afka taragon mata zalla yana murmushi don ya ga ya samu sarari, wannan ko ni ba zan tsaya masa ba. Ɓata ma yana da ladabi da lokaci: bayan ƙarfe goma na safe, kafin biyar na yamma, akwati a bar shi a masauki, in za a tsaya karatun allo a raɓa jikin bango. Kuma lallai a gama ɓatan kafin tsakar dare, domin wajejen sha biyu zuwa ɗaya jiragen Tokiyo suke tashi daga aiki, ba su dawowa sai wajen biyar na asuba. Wanda ya wuce haka zaɓinsa biyu ne. Ko dai tasi, wadda ƙofarta ke buɗe kanta da kanta cikin girmamawa, mitar kuɗinta kuma ba ta san baƙo ba. Ko kuma otal ɗin nan na akwatuna da aka fara a Osaka a 1979, inda ake ba mutum gurbi daidai tsawonsa da faɗinsa, ya shige a kwance ya ja labule, wanda duk ɗan Musulmin da ya gani sai ya tuna makwancinsa na gaskiya ya yi istigfari kafin ya tambayi nawa ne kuɗin kwana.