Zuwa Ga Sarkin Tura Na Zazzau, Mai Injin Fijo

Sarkin Tura, bawan Kanawa, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka fara durƙusawa. Labari ya iso mana Kano cewa barci ya ƙaurace maka saboda injin Fijo 504 ɗin nan da bakanike ya sauke maka, ya ɗora a kan tsohuwar taya a gindin darbejiyar ƙofar gida. Wai yau ka ce a kira 'yan gwangwan su kwashe, gobe ka ce duk wanda ya taɓa shi Allah ya isa. Har an ce istihara ka yi. Haba Malam! Jama'a na istihara a kan aure da fatauci, kai kana yi a kan ƙarfen da zanzaro ya riga ya gina ɗaki a bakin kafiretarsa.

Ban ga laifinka ba, tsohon doki sai mai shi. Amma ka tuna ba kai kaɗai ka sha wahalar dokin nan ba. Akwai almajiran unguwarku da suka yi ƙwanji a bayan motarka, wasu sun girma sun yi aure ba su taɓa jin ta tashi da makulli ba. Kai ne mutumin da in an gayyace shi ɗaurin aure ba ya tambayar gidan wa, sai dai ya ce, "Akwai gangara a wajen?" Jarkar ruwa a but, igiya a murfin but, dutse a ƙarƙashin taya. Hajiya uwargida, Allah ya saka mata, ta daina shiga gaba tun ranar da ƙofar ta ƙi buɗuwa a gidan biki, aka fito da ita ta wajen direba da gwaggwaronta a hannu.

To, bari in sassauta, kada ka yi kuka a gaban yara. Motar ba ta banza ba ce, wannan ko maƙiyi ya sani. A 1968 Faransawa suka fito da ita, shekara ta zagayo aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969. A 1975 wani Basuwidine, Ove Andersson, ya ci tseren Safari na Kenya da ita, a kan hanyoyin da ko jaki sai ya yi tunani. A 1975 ɗin kuma masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, abin da ya sa ku Zage-zagi kuke ɗaga hanci har yau, ku da ko noti ɗaya ba ku ɗaure ba. Turai ta daina yin salun ɗinta a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har wajen 2006. Ta yi motar gwamnati, ta yi motar alƙali da babban sakatare, doguwarta mai layin kujeru uku ta yi sarauta a tashoshin Kano, Kaduna, Jos da Maiduguri, a maƙare ta da fasinja da buhuna, bayanta ya kusa shafar kwalta, ta kuma kai. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai wancan tarihin Fijo ne, ba tarihin taka ba. Taka tarihinta tura ne.

Yanzu mu zo kan injin, tunda na san bakanikenka ya cika maka kunne da "ya buga, Alhaji, ya buga," kai kuma kana gyaɗa kai irin na ɗan boko da ba ya so a gane bai gane ba. Inji ne mai silinda huɗu, na lita 2, wato 1971 cc, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. A karkace yake zaune a cikin mota, ya ɗauko halin ubangidansa. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, tof ɗinsa alminiyam, sarƙa ke juya masa lokaci ba bel ba, babu kwamfuta, babu na'urar da za a jona ta faɗi cutarsa. Kunne da sifana kawai. Abin da ya sa tsofaffin makanikai ke ƙaunarsa kuwa shi ne silif. Ramin da fistin ke kai da komowa a ciki ba a jikin gangar aka huda shi ba, kwanso ne daban da ake zurawa, ruwa na kewaye shi yana sanyaya shi. In ya cinye sai a zare a sa sabo da fistin da ringinsa, kamar yadda ake sake wa fartanya ƙota. Wanda ya zana injin nan ya zana shi ne don a gyara, ba don a jefar ba.

Saboda haka kafin ka kira kowa, ka tuɓe babbar rigar nan, ko da yake na san aro ce, ka duba abin da idonka. Ka sa a ɗora sifana a kan fulin gaba a juya. In ya juya, da sauran rai. In ya ƙi, a zuba baƙin mai a ramukan fulogi, a bar shi ya jiƙa kwana biyu, kada wani ƙato ya hau sifana da ƙafa. Ka zaro sandar awon mai ka duba: in man ya koma fari-fari mai kauri, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, ko gasket ya ƙone ko gindin silif yana yoyo. Wannan duk mai sauƙi ne. Ka tuna kuma wane irin hayaƙi take yi kafin ta kwanta. Shuɗi na nufin tana shan baƙin mai, ringi ne. Fari mai yawa ruwa ne. Kai da na sani za ka ce duka biyun, har da baƙi. Tof ɗin ma ina zarginsa, don na sha ganin ka tsaya a hanyar Kwanar Dangora, lagireto na tafasa, ka kwara masa ruwan sanyi kana bismillah. Alminiyam ba ya yafe wannan, lanƙwasa yake yi. A kai shi a auna, in kaɗan ne a goge. Kuma ka gaya wa yaron bakaniken kada ya kuskura ya juya inji bayan an cire tof ba tare da an danne silif ɗin ba, sai su ɗago, aikin ya zama biyu.

Hukunci ɗaya ne ba ya da ɗaukaka ƙara: in gangar ta tsage, ko sandar fistin ta ɓallo ta huda ta. Nan kam sai ta'aziyya. Ko a nan ma ba a miƙa gawa da kayan jikinta. Karanshaf, kafireta, disturbuta, kik, famfon mai, kowanne da mai nemansa, don har yanzu akwai akori-kura 504 da ke jigilar kayan gona a ƙauyuka, kuma masu su na yawo Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a nan Kano suna neman abin da kai kake shirin bayarwa a kilo. Ɗan gwangwan ba ruwansa da Safari ko Kakuri. Sikeli zai rataya, ya murtuke fuska, ya ce ƙarfe ya faɗi a kasuwa, ya ba ka kuɗin da ba zai kai ka Kaduna ya dawo da kai ba. Kafin ka shiga gida ya ware alminiyam gefe, ya kwance na sayarwa ya kai wa 'yan sifiya, saura a narka a yi rodi. Na san sirrin, rabinsu 'yan uwana ne.

Na ji kuma ƙaninka, wancan mai gilashi, yana zuga ka ka sa mata injin Toyota ɗan Kwatano. Ana yi, ba na musu, sai an yi ta walda da ƙirƙirar maɗauri har giya ta yarda. Za ta tashi da makulli, almajirai su huta. Amma daga ranar ba Fijo kake ja ba, kuma lambar injin da ke takardunka ta zama ƙarya, sai ka je an gyara, in ba haka ba ka sha bayani a shingen hanya. Ga wanda yake neman abin hawa, wannan dabara ce. Kai kuwa ba abin hawa kake nema ba, wa kake ruɗa? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ka koma ɗan Keke Napep, kana ɓoye fuska da rawani. Kafireta ba ta san an cire tallafi ba, sha take yi yadda ta saba tun zamanin Shagari. Ko an gyara motar nan, daga masallacin Juma'a sai gidan suna za ta riƙa zuwa, kai kana ciki kana ɗaga wa mutane hannu su ce Alhaji ya riƙe tarihi. Kuma wallahi wannan ma dalili ne, ban raina shi ba. Mutum na kiwon doki don hawan Salla kawai.

Abin da ba zan lamunta ba shi ne wannan zaman da ka yi masa a waje, ramukan fulogi a buɗe, damina na shigowa. Duk ruwan da ya sauka a ciki tsatsa ce, kuma injin da yau silif da ringi za su tashe shi, baɗi ko ɗan gwangwan sai ya yi maka yanga. Ka toshe ramukan da tsumma, ka shafe shi da mai, ka ɗaga shi daga ƙasa ka kai zaure. In Hajiya ta yi magana ka ce ni na ce, tana jin maganar Kanawa fiye da taka.

In kuwa rowar taku ta gado ta motsa, ka ji kuɗin silif ka dafe ƙirji, to kada ka wahalar da kanka. Akwai wani bawan Allah a nan Kano, mai tausayi, kyakkyawa, wanda ya ajiye wata 504 fara sol ba inji, yana jiran irin naka. Zai turo akori-kura har ƙofar gida, ya ƙara maka ɗan wani abu a kan farashin kilo, ya haɗa da goro. Kada ka tambayi sunansa, kunya gare shi. Kuɗin dako dai kai za ka biya, tunda bawa ba ya cajin ubangidansa.