Yadda Neman Barci Ya Kusa Ɓata Mini Zumunci

Idan kana son ka san yawan likitocin da Allah Ya hore wa unguwarku, ka ce a majalisa ba ka samun barci. Ni na faɗa, a tsakiyar bazara, lokacin da katifa kan ɗauki zafi tun kafin a hau ta, fanka kuma ta tsaya cak don an ɗauke wuta. Kafin a kira isha'i magani ya yi mini yawa, kuma babu wanda ya nemi kuɗin kati.

Labari ya kai kunnen Hajiyarmu, ta bugo waya. "Kai dai ka cika raina abu. Madara mai ɗumi da cokalin zuma, ka sha, ka yi addu'arka, ka kwanta ta hannun dama." Addu'a da kwanciyar dama da ma ina yi tun ina makarantar allo, madarar ce sabuwa. Na cika babban kofi, don a lissafina idan ƙarami na kawo barci, babba har minshari zai kawo. Wajen ƙarfe ɗaya cikina ya fara ƙugi. Ashe manya da yawa cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin madara. Fulani ne suka fi dacewa da baiwar narkar da ita, mu kuma nonon da ya yi tsami ya fi zama mana lafiya. Na kwana ina sintiri da buta a hannu.

Sai wani abokin aikina, wanda ba ya rabuwa da rediyo, ya ce Turawa tumaki suke ƙirgawa a zuci har barci ya kwashe su. Wannan dabara ta Bature ce wanda layya ba ta gabansa. Na rufe ido, rago na farko ya wuce, balami ne fari tas, ƙahonsa ya murɗe. Na biyu uda, gaba baƙi baya fari. Kafin na kai na goma na fara yi musu kuɗi. Na ga garken ya yi kyau, na ce bari in kai su Maigatari ranar Alhamis. Nan fa lissafi ya tashi: kuɗin mota, la'adar dillali, buhun dusa, damin harawa, ga wani ɗan'yankasa da na lura yana tari, wanda dole a yi masa allura kafin mai saye ya gani. Ladan ya kira assalatu ina tsaka da musu da wani dillali a kan raguna da ba ni da ko jelarsu.

Daga nan na koma waya. Na ci karo da wata dabarar numfashi ta wani likitan Amurka, Andrew Weil: ka ja iska ta hanci kana ƙirga 4, ka riƙe har 7, ka fesar ta baki har 8, da ƙara. Ƙarar ce ta jawo mini. Uwargida ta farka cikin duhu ta ji mijinta ya yi tsit, can kuma ya yi huci. Ta dafa ƙirjina daidai lokacin da nake riƙe da numfashi, na kai biyar, ba na son in ɓata lissafi. "Innalillahi! Malam! Malam!" Kafin in kai bakwai ta sheƙa mini ruwan randa a fuska tana tofi. Gaskiya na ji sanyi, wanda rabona da shi tun hunturu, amma barci ko alama.

Abin da ya riƙe ni a wannan tsakani shi ne maigadin layinmu, wani dattijon Buzu mai kirki. Duk daren da juyi ya ishe ni, sai in fito in zauna a tabarmarsa. Yana da 'yar buta shuɗiya a kan gawayi, ganyen shayi kore ya dahu har ya yi duhu, ya zuba sukari, ya ɗaga butar sama ya tsiyayo cikin ɗan mitsitsin kofin gilashi, ya mayar, ya sake tsiyayowa har kumfa ta hau. Zagaye uku yake yi, na farko da ɗaci mai kama harshe, na ƙarshe kuwa zaƙi zalla. Ni ma ba na zuwa hannu rabbana: ina tafe da farin goro ɗan Mariri, mu fasa mu raba. Yakan dube ni da tausayi ya ce, "Sha, Alhaji, dare na da tsawo."

Ana haka aka sa ranar auren 'yar yayana, aka ce ni ne waliyyi. Daren Juma'ar da za a ɗaura na ce yau ko ana ha-maza-ha-mata sai na yi barci. Na je kemis. Yaron ya ba ni 'yar ƙwayar mura, irin wadda ake sha don atishawa da ƙaiƙayi, ya ce tana kashe jiki. Na tambayi ruwan maganin tari da na ji ana cewa yana kwantar da mutum, ya ce, "Baba, rufa mini asiri, mai kodin ɗin tun 2018 gwamnati ta hana." Na kai ƙwayar gida, na tsaya wasi-wasi, na leƙa wajen maigadi don in huce, ban haɗiye ta ba sai wajen ƙarfe uku. Ita kuwa irin wannan ƙwaya ba ta sakin mutum da wuri, takan bi shi har washegari. Ta bar ni na yi asuba, ta bar ni na sa babbar riga, sai da aka idar da Juma'a aka zauna ɗaurin aure, na jingina da ginshiƙin masallaci, fanka na kaɗawa, liman na nasiha da tattausar murya, sannan ta zo karɓar haƙƙinta.

Na tsinci kaina a Maigatari riƙe da igiyar balamin nan. Can sama-sama na ji wata murya ta ambaci kuɗi, wani ya zungure ni a haƙarƙari. Na buɗe baki da ƙarfi na ce, "Albarka! Ko kuɗin dusa bai kai ba."

Wakilin ango ne ya faɗi sadaki.

Masallaci ya yi tsit. Wani tsoho daga dangin ango ya fara laluben aljihu. Yayana ya dube ni da idon da bai yi mini ba tun ranar da na fasa masa fitilar keke. Liman, Allah Ya saka masa, ya yi gyaran murya ya ce waliyyi na sa wa auren albarka ne, a ci gaba. Aka ɗaura, aka shafa fatiha, maroƙi kuwa ya samu abin yi har la'asar.

Da dare ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta tsare ni a zaure. Na zayyana mata komai. Da na zo kan maigadi sai ta riƙe haɓa. "Yaya, mutumin da ake biya don kada ya runtsa, wurinsa kake zuwa neman barci?" Ta ce goro da shayi duk akwai sinadarin kafin a cikinsu, kuma bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jini, ke nan goron magariba na tare da mutum har tsakar dare. Ta kafa mini doka. Daga azahar ba goro ba shayi. Waya ta kwana a falo, don haske na hana jiki sakin melatonin, sinadarin da ke sanar da shi dare ya yi. Wanka kafin kwanciya, gidan sauro, ƙailula kada ta wuce rabin awa. Idan na yi minti 20 ina juyi in tashi in zauna a duhu-duhu har ido ya yi nauyi. Ƙwayar mura kuwa ta mura ce. Ta ƙara da cewa wanda rashin barci ke damunsa dare 3 a mako har wata 3, asibiti ya kamata ya nufa, majalisa ta yi iyakarta.

Na yi mata gardama a kan goro, don kakanmu da shi a baki yake kwana kuma har maƙwabta na jin minsharinsa. Ta ce kakanmu tun asuba yake gona, ni kuwa daga kujerar ofis sai kujerar mota. Dokarta dai ta yi aiki, ko da yake maigadi ya yi fushi, yanzu gaisuwata da kai kawai yake amsawa.

Saura abu ɗaya. Dangin ango har yau idan sun hango ni a taron suna ko jana'iza sai su fara taɓa juna, yaransu kuma Baba Albarka suke kirana. Ina roƙonsu ta wannan kafa, don Allah su bar aiko mini da buhun dusa. Sadakin ya isa.