Hoton da ya fi mai shi kyau

Hasken Adar ba ya raga wa kyamara. Da tsakar rana yakan sauko daga sama kai tsaye, ya bar goshi yana walƙiya, idanu kuma cikin duhu. Da hunturu hazo kan shafe duwatsun da ke kewaye da Keita, komai ya koma launin toka. Da dare kuwa, in kuran ya ɗauke, sai fitilar waya, ita kuma iyakar ƙoƙarinta ta fito da haƙora ta bar wa Allah sauran mutum. Saboda haka yawancin hotunanmu da lahani ake haifar su, dole a kai su gyara.

Kayan gyaran kuwa sun shigo hannun kowa. A 1990, lokacin da kamfanin Adobe ya fitar da Photoshop, sai mai kwamfuta mai tsada ke iya taɓa hoto. Yau ɗan kabu-kabun da ke jiran fasinja a bakin tasha yana da Snapseed da PicsArt da Remini cikin Itel ɗinsa mai fasasshen gilashi, abokinsa ne ya tura masa ta Xender, ko dala bai kashe ba. A ƙasar da samari da magidanta ke watsewa bida da zarar an ɗaure damin ƙarshe, wasu Abidjan, wasu Libiya da Aljeriya, wasu Najeriya da Kamaru, hoto ne ya gaji wasiƙa da kaset. Na waje yana so a ga ya samu, na gida yana da nasa saƙon, kowa kuma da yatsan da yake gyara magana.

Cikin masu gyaran, wanda ya fi yawan mabiya shi ne mai ƙara fari. Maɓalli ɗaya ya sani, kuma ba ya sakin sa sai ya kai shi bango. Abin da manhajar ke yi shi ne ta daidaita launin fata, ta share ƙuraje da tabo da inuwa. To amma inuwar da ke gefen hanci ita ce shaidar cewa akwai hanci a wurin. In aka share ta, hancin ya bi ta, sai huji biyu a tsakiyar fili. Wuya da hannu kuma ba wanda ke tuna su, sai ka ga fuska daga Masar, hannu daga Garhanga. Maza da mata duk suna cikin wannan ɗariƙa. Akan ba da labarin saurayin da ya dawo daga Abidjan da akwatin kaya, aka fito masa da yarinyar da suka shekara suna hira a WhatsApp, ya gaishe ta da ladabi ya ce, "Ina yayarki, wadda muke magana da ita?" Ita ma ba ta amsa da wuri ba, tana leƙen bayansa ko dogon farin da ta sani yana tafe.

Abin haushin shi ne, shekara da shekaru kamfanin Kodak yana daidaita launin fim da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya, baƙin mutum kuwa ya fito yadda ya samu. Kamfanin Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya ci kasuwar Afirka ne da abubuwa da dama, ciki har da kyamarar da aka daidaita don ta fito da baƙar fata da kyanta. Injiniyoyi sun sha wahalarsu sun gama, yaronmu ya zo da babban yatsa ya rushe aikin kafin shayin fari ya tafasa.

Ɗan bida mai sauya bango ya fi wannan dabara, ya kuma fi shi shan wuya. Sana'arsa a unguwar Adjamé ta Abidjan tallan shayi ce, ko turin baro, ko gadin shago, sana'a ta halal wadda ke ciyar da gida guda a Ibohamane. Amma hoton baro ba ya tsallaka iyaka. Sai ya tsaya jikin katanga a ɗauke shi, ya yanke kansa, ya liƙa kusa da farar Land Cruiser, ko a gaban dogon benen nan na Dubai. Mai lura zai ga inuwar motar ta faɗi gabas, tasa ta faɗi yamma. Zai ga ragowar tsatsar kwanon rufi a bayan kunnensa, da silifa suna shawagi taƙi guda sama da kwalta. Uwarsa dai ba inuwa take dubawa ba. Ta ga mota, ta yi hamdala, ta zaga da wayar gida-gida, daren ranar kuma saƙon murya ya tashi: "Ɗana, tun da Allah ya buɗa, ɗakin tsohonka na zuba, ƙanenka ya ga mata, hatsi kuma bai kai mu bazara." Ba shi da bakin cewa montaj ne. Ranar da ya shiga layin Nita ko Al Izza don aika kuɗi gida, harajin motar da bai taɓa buɗe ƙofarta ba yake biya.

Kada dai a ɗora wa waya laifin duka. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin ɗaukar hoto a Bamako a 1948, yakan ajiye rediyo da agogo da keke da babur ɗin Vespa domin masu zuwa su riƙe ko su jingina, kowa ya tafi gida da hoton arzikin aro. Yau hotunan nan suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka. Su aƙalla sun taɓa babur ɗin da hannunsu.

Mutanen gida ma suna da nasu gwani, shi ne ƙanen da ya ƙware a gyaran baya-baya. In za a aika wa yaya hoton gida, shi ake kira. Ya rage haske, ya tsotse launi, ya datse gefen da sabon babur yake jingine, ya jira awaki su fita kiwo, ya karkata wayar yadda tsagewar rumbu za ta cika ido. Tsoho kuma ya shiga ɗaka ya fito da rigar da ya daina sawa tun bara. Da na can da na nan kowa ya san halin ɗan'uwansa, kowa yana rage wani abu daga abin da ya gani, a haka lissafi yake daidaita.

Wanda nake tausayi, nake kuma ɗan tsoro, shi ne mai tayar da tsofaffin hotuna. Niyyarsa mai kyau ce. Hoton kaka guda ɗaya ne ya rage a duniya, na jikin tsohon katin ɗan ƙasa, girmansa bai wuce babban yatsa ba, ruwa ya taɓa shi, hatimi ya cinye rabin kunci. Jika ya ɗauke shi da waya ya miƙa wa Remini. Abin da bai sani ba, manhajar ba ta dawo da abin da ya ɓace, domin ba ta taɓa ganin marigayin ba. Cankewa take yi daga ɗimbin fuskokin da aka horar da ita da su, waɗanda kusan dukkansu ba su san hanyar Tawa ba. Tsagar gadon da wanzami ya zauna ya yi da aska, wadda ake gane Bagobirin Madawa da ita tun daga nesa, sai ta ɗauke ta a matsayin karce ta goge. Amawalin rawani ta mai da shi gemu. Haƙoran da suka yi shekara hamsin suna hidimar goro su fito fari fat. Jika ya kai wa tsohuwa da murna. Ta kai wayar kusa da ido, ta janye, ta ce, "Wanga yaro ɗan wa ne?" Ya ce, "Inna, Baba ne fa." Ta ƙara dubawa da kyau, sannan ta ce, "Da haka yake, da ban yi yaji ko sau ɗaya ba." Duk da haka ta ce a wanko mata babba.

Sai mai goge mutane. Kasuwarta takan buɗe bayan saki, ko bayan an yi kishiya, ko in ƙawance ya watse a kan adashi. Hoton bikin ya yi kyau, atamfar ta fito, ba za a yar ba, mutum ɗaya ne kawai ya yi yawa. Manhajar takan cike gurbin da abin da ke kusa, shi ya sa inda wance take tsaye sai ka ga labule ya haihu, ko kujera mai ƙafa shida. A kafaɗar ango kuma ga yatsu huɗu da lallensu, ba su da mai su. Wannan sana'a tana da manya. A zamanin Stalin an goge Nikolai Yezhov, shugaban ƴan sandan asiri, daga hoton da suka ɗauka tare da Stalin a bakin ruwa, bayan an kashe shi a 1940. A watan Maris na 2024 kuma kamfanonin dillancin labarai na AP da Reuters da AFP suka janye hoton Kate, matar Yarima William, da ƴaƴanta uku, saboda hannun rigar ɗiyarta bai haɗu daidai ba, har sai da ta fito ta nemi afuwa. In fadar Ingila ta kasa daidaita hannun riga, wa zai ga laifin amaryar Tamaske?

Mai ado ba ya buƙatar dogon bayani. Fure a kusurwa huɗu, zuciya tana zubo da taurari, zaki a hagu, Ka'aba a dama, Juma'a Mubarak a sama, sunansa da lambarsa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Mai hoton yana can tsakiya, in ka nema za ka same shi.

Ƴan kasuwa nasu gyaran na neman abinci ne. Gab da Sallar Layya mai rago yakan ja dabbarsa ta gefe ta yi faɗi, ya manta cewa duk abin da ke kusa yana bin ta: ƙofar gida ta lanƙwashe, yaron da ke riƙe da igiya ya yi tumbin alhazai. Mai albasa a Madawa yana so ta yi jan nan mai shuɗi-shuɗi da aka san irin Galmi da shi, sai ya ƙara kaurin launi har buhun da tabarmar da tafin hannunsa duk su zama ƴan Galmi. Dillalin Accra ko Abidjan ya ga irin wannan ya fi a ƙirga, amsarsa ɗaya ce: a ɗauko bidiyo.

Ɗan'uwansu shi ne mai son tsanwa. Da an yi ruwa biyu ya fita bayan gari ya ɗauko fadama, ya ja launin kore har jakin da ke kiwo ya fara tsirowa, ya rubuta a Facebook cewa nan ba Turai ba ce, Keita ce. Shi kam ina ɗaga masa ƙafa, domin tsanwar da yake ƙarawa tana da asali. Daga 1984, bayan fari ya ƙone ƙasar, Projen Keita, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO da abincin hukumar PAM, ya sa aka jera duwatsu a kan tudu, aka haƙa ramukan tare ruwa, aka gina madatsu, aka dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan masu aikin mata ne, don maza suna bida. Su da kai suka ɗauki dutse kafin jar ƙasa ta yi kore. Jikansu yana yin nasa a kwance, da caji kashi goma sha biyu.

Duk waɗannan, in abu ya cije, wurin mutum ɗaya suke ƙarewa: mai cajin waya na bakin kasuwa, wanda ke da tsohuwar kwamfuta da Photoshop ɗin da ba a tambayar inda aka samo shi. Shi ke yin hoton takardu, kuma kwat ɗaya gare shi cikin na'urar, baƙa mai jan laƙataye, wadda ɗaliban brebe da masu neman aiki da ƴan takarar kansila duk suka sa ba tare da ta taɓa ganin wanki ba. Ya san aikin fiye da yadda ake zato, kuma shawararsa kyauta ce, shi ya sa ba mai ɗauka. Yakan ce a goge idon kyamara da bakin riga, don rabin hazon da ake zagin hunturu a kansa maiƙon ƙuli-ƙuli ne. A tsaya a inuwar bedi a fuskanci haske, ko a bari sai bayan la'asar. A matsa da ƙafa maimakon jawo hoto da yatsa. A ajiye na asali kafin a taɓa shi. In za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin takarda, don manhajar tana matse hoto ta zubar da ƙwayoyinsa, wanda kuma ya bi waya biyar babu bokan da zai warkar da shi. In an zo gyara a ja kaɗan, in maƙwabci ya gane an taɓa to an wuce wuri. Su saurara har ƙarshe, su gyaɗa kai, su ce, "To, amma ɗan ƙara mini haske."

Akwai kuma dattijon da ke shigowa rumfar da faɗa tun daga ƙofa. Shi bai yarda da wannan aikin banza ba, yadda Allah ya yi mutum haka za a bar shi, ƴaƴan zamani sun lalace. Hoton fasfo kawai yake so, zai nemi kujerar Makka. Mai caji ya ɗauka ya juyo masa da allon. Alhajin gobe ya sa tabarau, ya duba, ya waiga ya tabbata yaran fada sun yi nisa, sannan ya nuna gemunsa da yatsa.

"Wagga furfura ta gefen hagu, ɗana, ba tawa ba ce. Hasken injinka ne. Fidda ta."