Bayani a Kan Hukuncin Ƙugiyar Raba Nauyi ga Akori-kura Mai Jan Tirela

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, malaman wannan fanni sun kasu gida biyu. Na farko suna Amurka, inda mutum kan ɗaura ɗaki sukutum, da gado da murhu da makewayi, a bayan akori-kura, ya ja shi daji wai zai huta. Na biyu suna tashar Malanville, bakin gadar da ke ƙetarawa zuwa Gaya, inda kowa ke hutawa a gidansa, abin da ake ja kuwa albasa ce da shinkafa da masara. Tambayarsu ɗaya ce: idan mota ƙatuwa ce, shin wajibi ne a saka mata ƙugiyar raba nauyi, ko ƙugiya ta gama-gari ta wadatar?

Tushen mas'alar yana wurin da aka dasa ƙugiyar. Ba a saman ƙafafun baya take ba, tana can bayansu. Don haka duk abin da ya danne ta, sai motar ta zama kamar sikelin mahauci: baya ya sauka, gaba ya tashi. Mu ɗauki Hilux, wadda tsakanin ƙafarta ta gaba da ta baya ya kai kusan mita 3. A ƙaddara ƙugiyar ta zarce ƙafar baya da mita 1.2, tirela da lodinta kuma tan 3. Ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a wuyanta, wato aƙalla kilo 300. Lissafi ya nuna ƙafafun baya za su ɗauki kilo 420, na gaba su rasa 120. Waɗannan 120 ba sace su aka yi ba, ƙaura suka yi. Alamar ƙaurar ita ce sitiyari ya yi sakayau, birki ya yi jinkirin jin magana, fitila kuma ta bar kwalta ta koma duba lafiyar jemagu a kan bishiyoyin hanyar Kandi.

Ƙugiyar raba nauyi sanduna biyu ne na ƙarfe mai tauri, suna fitowa daga kan ƙugiyar, a ɗaure ƙarshensu a jikin tirela da sarƙa, a ɗame. Ɗamewar ce ke mayar da wani ɓangare na nauyin zuwa ƙafafun gaba, wani kuma zuwa ƙafafun tirela. Ko kilo ɗaya ba ta ragewa daga lodi. Ɗalibai da dama kan yi tuntuɓe a nan.

Jumhurin malaman Amurka sun ce a fara tunaninta idan tirela ta wuce rabin nauyin motar. Masu manyan akori-kura irin F-250 da F-350 suka yi saɓani, suka ce motarsu ta fi ƙarfin wannan hukunci. Suna da rabin gaskiya: doguwar mota mai injin dizal a gaba ba ta saurin ɗaga kai. Sai dai taurin sifirin baya yana ɓoye durƙuson ne kurum, bai soke lissafin ba. Hujjar da ke yanke gardama ita ce tef ɗin tela. A auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman tayar gaba kafin a haɗa tirela, a sake aunawa bayan an haɗa. In gaba ya tashi a fili, ƙugiyar ta wajaba. In bai motsa ba, mustahabbi ce. In littafin kamfanin motar ya hana, ta haramta, domin ba kowane ƙashin mota ke jure murɗar sandunan ba.

Mazhabar Malanville tana da nata hanyoyi. Mafi shahara ita ce karen mota. Idan direba ya ji gaba ya yi sauƙi, sai ya ce, "Kai yaro, dawo gaba." Matsakaicin karen mota kilo 60 ne, saboda haka mas'alarmu ta sama tana bukatar biyu. Falalar wannan na'ura ita ce da murya ake saita ta, tana kuma tura mota in batir ya mutu. Aibinta tana cin abinci, kuma jandarma yana ƙirga ta. Hanya ta biyu ita ce a je wurin mai walda ya ƙara ganyen sifirin. Mota ta miƙe ta yi kyau a ido, ƙafafun gaba kuwa har yanzu suna bin bashin kilo 120. Ta uku, wadda na fi ganin ingancinta, ta 'yan lodi ce: buhu mai nauyi a saman ƙafafun tirela, a ɗan karkata gaba. Wanda ya jibge shi a baya don ya sauƙaƙa wa ƙugiya, tirelarsa za ta fara rawa da zarar an sa giyar ƙarshe, kuma ba ta tsayawa don an daina kiɗa.

Ta fuskar hukuma, dokar ƙungiyar ƙasashen UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta kayyade tan 11.5 ga layin ƙafa ɗaya na manyan motoci, wanda hakan ya fi ƙarfin akori-kura, ko da yake ana samun masu himmar cim ma adadin. A 2005 ɗin ne kuma kotun duniya da ke Hague ta yanke cewa iyakar Nijar da Benin a kan gadar Malanville tana bin iyakar da ke cikin kogi. Ke nan mota na iya kasancewa a Nijar tirelarta na Benin, kotun kuwa ba ta fayyace ƙasar da ke ɗauke da kilo 300 ɗin wuyan ba.

Da aka rufe gadar bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, fannin kacokan ya koma hannun masu kwale-kwale. Su ba su da sanduna ko sarƙa. Matuƙi kan dubi yadda ruwa ya kama gefen jirgi ya ce, "Alhaji, matsa dama. Hajiya, a sauke buhun nan tsakiya." Wanda ya tsaya kawo hujja, akan sauke shi tun ba a tashi ba.