Milimita Biyun Da Suka Hana Ni Sakat

Akwai mutanen da idan motarsu ta fara cin taya sai su kai ta gareji, su nemi benci a inuwa, su sayi rake suna sha har a gama aiki, su biya su tafi. Ina ganin girman irin waɗannan mutane, kuma na san ba zan taɓa shiga sahunsu ba. Ni ciwona karambani ne, kuma inda ya fi kama ni shi ne ƙafafun gaban mota. Inji ba na taɓa shi, tsoronsa nake ji. Wayoyin lantarki na bar wa masu su. Amma alaimin, wato saita tayoyin gaba su fuskanci inda ya kamata, wannan kam na ɗora wa kaina cewa ba wanda zai yi mini shi alhali ina da hannu biyu da tef ɗin awo.

Motar tsohuwar Land Cruiser ce akori-kura, samfurin 75 da Toyota ta yi daga 1984 zuwa 1999, mai injin dizal 1HZ wanda ba ya gudu kuma ba ya mutuwa. Aikinta kai taki gona can wajen Doguwa, ta dawo da masara. Daga Kano kwalta ce har a wuce Tudun Wada, daga nan a sauka burji, daga burji a shiga hanyar da shanu suka fi mota haƙƙi a kanta. Kututture, kwazazzabo, gargada, duk tana haɗiye su ba ta ƙorafi, sai dai duk abin da ta haɗiya a ƙafar gaba yake sauka.

Abin da ya ruɗe ni tun farko shi ne sauƙin abin a takarda. Abu uku ake dubawa a tayar gaba. Akwai kamba, wato ko saman taya ya kwanta ciki ko ya kwanta waje. Akwai kasta, kwanciyar da madogarar juyawar taya take yi zuwa baya, ita ce ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan ka sha kwana. Sai na uku, ko bakin tayoyin biyu ya tsuke ta gaba ko ya buɗe. A motar da gabanta aksul ɗaya ne sanƙararre irin tawa, kamba a jikin ƙarfen take, ba ka da abin murɗawa. Idan ta ɓaci to aksul ɗin ne ya lanƙwashe. Kasta kuma tana bin yadda sifirin ya zauna. Saura guda ɗaya tak da aka bar wa mai sifana, tsukewa da buɗewa. Da a ce duka ukun ake murɗawa, da na ji tsoro na haƙura. Guda ɗaya kuwa, wane namiji ne zai ce ba zai iya ba?

Ga yadda ake yi, kuma a baki na iya shi ƙwarai. Ka sami wuri shimfiɗaɗɗe, ka daidaita iskar tayoyi, ka turo motar gaba kaɗan don komai ya zauna. Ka yi alama a bayan kowace tayar gaba daidai tsayin cibiyarta, ka auna tsakanin alamomin biyu. Sai ka sake turo motar har tayoyin su yi rabin juyi, alamomin su dawo gaba, ka sake aunawa. Bambancin awon biyu shi ne amsarka, kuma abin da ake nema a irin wannan mota tsukewa ce ta kusan milimita biyu. Idan bai yi ba, sai ka koma kan tayarod, bututun ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu. Bakinsa ɗaya zaren dama ne, ɗayan zaren hagu, saboda haka idan ka sassauta maƙalansa ka murɗa bututun, ko dai ya ƙara tsawo ko ya rage. Shi ke nan karatun.

Matsalar ita ce milimita biyu ba ta kai kaurin layin allin da nake yin alama da shi ba. Wannan gaskiyar ta daɗe tana kallona kafin in gan ta. Ina zana layi mai kauri a kan robar da ta sha duwatsu, sannan in tsaya ina jayayya da kaina ko daga bakin layin zan auna ko daga tsakiyarsa. Tef ɗin kuma idan ka ja shi daga wannan taya zuwa waccan sai ya yi ciki a tsakiya, kuma ta baya ba ya samun hanya madaidaiciya saboda sifirin da sauran ƙarafa sun tare, dole ka sauko ƙasa da cibiya, inda awon ba zai faɗa maka cikakkiyar gaskiya ba. Ƙofar gidana an yi mata gangara don ruwa ya bi kwata, amma ni a idona shimfiɗaɗɗiya ce. Sannan ga mai riƙe ɗaya bakin tef ɗin, ɗana na tsakiya, wanda hankalinsa yake wurin ƙwallon da ake bugawa a bakin layi.

"Ka riƙe daidai kan alamar?"

"Na riƙe, Baba."

"To me ya sa ɗazu ya ba ni wani abu, yanzu ya ba ni wani?"

"Baba, ƙila motar ce take motsi."

Idan na auna sau da yawa na sami amsoshi daban-daban, ba na tsayawa in tuhumi tef ko alli. Wadda ta fi yi mini daɗi a cikinsu nake ɗauka in ce ita ce daidai.

Hujjojina kuwa ba sa ƙarewa. Ta farko tattali: me zai sa in biya kuɗi a kan abin da bai wuce murɗa bututu ba? Ta biyu tarihi. Nakan tuna wa duk wanda ya tsaya saurare cewa a 1987 sojojin Cadi da akori-kurar Toyota suka fatattaki tankokin Libiya a Fada, har aka riƙa kiran yaƙin da sunan motar, kuma ba na jin akwai na'urar alaimin a cikin wannan hamadar. Direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku ma da hannunsu suke gyaran motocinsu. Abin da ba na faɗi shi ne su dole ce ta sa su, kuma sun iya. Ni tsakanina da mai alaimin bai kai tafiyar da nake yi zuwa masallacin Juma'a ba.

Ranar da karambanin ya fi yi mini tsada, shawarar aboki na bi. Ya ce mini da cikakken tabbaci, idan kana son tsukewa ka tsawaita tayarod. Bai yi ƙarya ba, a motarsa haka ne, domin tasa samfurin 80 ce, tayarod ɗinta a bayan aksul yake. Nawa a gaba yake, kuma a nan lissafin juyewa yake yi: gajartawa ce ke tsuke tayoyi, tsawaitawa buɗe su take yi. Yaro ɗan firamare da ya leƙa ƙarƙashin motar zai gane haka. Ni kuwa na murɗa, na auna, na ga abin ya ƙara nisa, sai na yanke hukuncin cewa ban murɗa da yawa ba ne, na ƙara. Da magariba ta kawo jiki kuma sauro ya fara nasa aikin, na ɗaure maƙalai na ce gobe na duba. Goben sai tafiya Kaduna ta taso.

Bari in yi lissafin da ya kamata in yi kafin in kama sifana. Tayar 7.50R16 tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 800 ne. Idan awo ya kauce da milimita 8, ɗaya bisa ɗari ke nan. Ma'ana a kowace kilomita ɗaya, tayoyin biyu suna jan ƙasa a kaikaice na tsawon mita 10 a tsakaninsu. Kano zuwa Kaduna ya haura kilomita 200, saboda haka zuwa kawai na goga roba a kwalta fiye da kilomita biyu, ga kuma dawowa. Da na shafa tafin hannuna a kan tayoyin daga baya, sai na ji ta wani gefen santsi, ta ɗayan gefen kaifi kamar haƙoran zarto, kuma bakinsu na ciki ya fara siɗewa. Buɗewa ce ke cin ciki, tsukewar da ta yi yawa ita ke cin waje. Wannan ma na sani tun da daɗewa, a baki. Kuɗin taya ɗaya irin wannan zai yi mini alaimin na shekaru, ni kuma biyu na kassara don tattali.

Wani zai ce daga nan na daddara. Ina! Sai ma na sami sabon abokin gaba: motar tana ja dama. Na shafe asabar bayan asabar ina murɗa tayarod don in kashe wannan jan, alhali tsukewa da buɗewa ba su cika sa mota ja ba. Idan sun ɓaci, tayoyin biyu raba laifin suke yi tsakaninsu, motar ta tafi sak tana cin roba a ɓoye. Abin da ke sa ja shi ne iskar taya ɗaya ta fi ta ɗaya, ko birki yana riƙe gefe guda, ko ita tayar kanta, ko bambancin kamba da kasta tsakanin hagu da dama. Ko kuma titin ne kawai, domin ana yi masa tudu a tsakiya don ruwa ya gangara gefe, kuma tun da Najeriya ta koma bin hannun dama a 1972, gangarar tamu dama take. Nawa dai mai faci ne ya gano shi a cikin minti kaɗan da gejin iska, ya cire wata 'yar ƙusa daga tayar dama, bai ma san ya kawo ƙarshen wani dogon bincike ba. Ban gaya masa ba.

A ƙarshe dai dole ta kai ni wurin bakanikena, dattijon da ya san motar tun kafin ta zo hannuna. Bai ɗauko tef ba. Jak ya sa ya ɗaga gaban, ya kama tayar ta gefe da gefe ya girgiza, sai ga ta tana ƙwas-ƙwas. Ya sake kama ta sama da ƙasa, nan ma ta amsa.

"Alhaji, wa yake yi maka alaimin?"

"Wani yaro ne a unguwarmu, Oga."

"To ka gaya wa yaron nan, kan tayarod ya mutu, boris ma ya saki. Wasan da ke cikinsu ya fi abin da yake nema a tef ɗinsa. Ko shekara zai yi yana aunawa, iska yake aunawa."

Na ce in sha Allahu zan gaya masa. Ya kalli baƙin giris ɗin da ya maƙale a ƙarƙashin faratuna, ya kau da kai, ya aika yaronsa Ƙofar Ruwa ya sayo kayan. Har yau ina jin nauyin wannan kawaicin fiye da a ce ya yi mini dariya. Kafin in tafi ya nuna mini dogayen maratayan sifirin da na sa don motar ta ƙara tsayi, ya ce su ne suka rage kasta, shi ya sa sitiyari ya daina dawowa da kansa kuma motar take yawo a kan kwalta. Gyaran gangar Auzinawa dai, na ɗaga ta don ta tsere wa kututture, na mayar da ita abin tsoro a babban titi.

Uwargida ta daɗe da gano abin da ni nake ɓoye wa kaina. Wata rana tana miƙo mini ruwa ina kwance a kan buhu a ƙarƙashin motar, ta ce, "Malam, in dai wurin hutawa kake nema, akwai tabarma a zaure." Ta faɗi gaskiya. A ƙarƙashin motar nan ba mai kawo mini katin biki, ba mai neman rance, waya tana can kan kujera tana ta ƙara ita kaɗai. Sauran matsalolina na rayuwa ba su da bututun da zan murɗa su gyaru, wannan kuwa tana da shi, ko da ban iya murɗa shi daidai ba. Kuma hanyar gona ba ta barina in rasa dalili. Tayarod ɗin da ke gaban aksul shi ne farkon abin da kututture yake gaisawa da shi, da ya ɗan lanƙwashe ya gajarta, tayoyi sun tsuke, ni kuma na sami aikin asabar.

Na ɗan gyara hali, ba zan ƙi faɗi ba. Na bar alli na koma tsinin ƙusa, ina girgiza taya kafin in auna ta, kuma idan na gama nakan bi ta wurin masu na'ura in ce su duba mini "aikin yaron nan". Na kuma daina ba da shawara ga masu Land Rover Defender, tun da na gano cewa tasu buɗewa kaɗan ake so, ba tsukewa ba, bayan na riga na yi wa wani bawan Allah wa'azi mai tsawo a kan akasin haka.

Sai dai shekaranjiya maƙwabcina ya tsayar da ni a ƙofar gida. Ya ce ya daɗe yana ganina a ƙarƙashin mota, ashe gwani ne a kusa bai sani ba, ga Hilux ɗinsa tana cin taya. Irin ta bayan 2005 ce, wadda kowace ƙafar gaba take cin gashin kanta, mai notuna na musamman a hannun ƙasa da ake murɗa kamba da kasta da su, ga tayarod biyu maimakon ɗaya. Ban taɓa sa sifana a kan irinta ba. Na buɗe baki da niyyar in kwatanta masa garejin dattijon nan, sai na ji kaina ina cewa ya kawo ta ranar Asabar bayan la'asar, ya taho da yaron da zai riƙe tef.