Ladubban Zama da Abokin Tawaga, ga Mai Kwaɗayin Takobi

Bayan haka, ya kai saurayin Arewa, wanda ya kayar da samarin Matankari da na Geceme da na Tibiri, har aka rubuta sunansa cikin mutum goma da jihar Doso za ta tura gasar kokowa ta ƙasa, ka sani cewa jarrabawar da ta fi tsanani ba daga Tawa ko Damagaram za ta ɓullo maka ba, tana nan kwance a tabarmar da ke kusa da taka, tana munshari. Gama tun da aka assasa gasar a Tawa cikin 1975, shekarar da Kantu na Maraɗi ya yi galaba, hukuma ba ta taɓa ƙera takobi biyu don gasa ɗaya ba. Yau jihohi takwas ne, ƙarti tamanin, kuma tara daga cikin masu hanƙoron abin da kake hanƙoro akushinku ɗaya.

Farkon wajibi shi ne ladabin harshe. Ka kira shi yaya ko da ka girme shi, ka yabi ƙarfinsa a gaban ƴan rediyo, ka ce kai ba kowa ba ne face almajirinsa, domin yabo ba ya cin ko dala, alhali yana sa ƙato ya rage gudun asuba. Idan ya miƙo maka fura, ƙin sha zargi ne, saurin sha kuwa wauta ce. Mustahabbi ka riƙe ƙwaryar kana ba shi labari har shi ya fara kurɓa.

A wurin gwaji kuwa, a nan hikima take. Ka ba shi ƙarfinka daidai gwargwadon da zai ƙaru, amma kayen nan da ka gada wurin kawunka, ka ɓoye shi kamar yadda amarya ke ɓoye wa kishiya sirrin miyarta. Wani lokaci ma ka faɗi da gangan, ka tashi kana kaɗe ƙasa kana salati.

Batun layu da guraye yana bukatar taka-tsantsan. Kada ka tambaye shi malaminsa, kada ka taɓa ƙunshinsa, kada ka tsallake butarsa. In kuwa ta bayyana cewa malami guda ya yi muku rubutun, ya kuma karɓi sadakar kowannenku da alkawari iri ɗaya, to wannan mas'ala ce da ta gagari fuƙaha'u, sai a maida al'amari ga damtse. Haka nan makaɗi: ka jira abokinka ya yi kyautarsa, sa'an nan ka ɗora jaka guda a kai, sai ka ji kirarinka ya yi tsawo.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa sai zukata sun haɗu ake cin nasara. A Amurka, cikin ƙwallon kwando, Shaquille O'Neal da Kobe Bryant sun yi ta jifan juna da habaici a jaridu, duk da haka suka ci wa Lakers kofi a 2000 da 2001 da 2002, kafin a raba zaman a 2004. Ni a ganina gaba ba aibu ba ce muddin ta san lokacinta. Saboda haka ka yi masa addu'a da zuciya ɗaya, ka yi masa fifita, ka fi kowa ihu idan ya shiga fage, domin duk ƙaton Maraɗi da ya kayar, kai ya share wa hanya. In kuwa a tawagarku akwai irin Isaka Isaka, wanda ya kai takobi shida Doso, to nasihar nan ba taka ba ce. Ka riƙe masa buta, ka ƙara haƙuri.

Ranar da ƙuri'a ta haɗa ku, ka gaishe shi, ka kayar da shi, ka ɗaga shi da hannu biyu. Sai dai ka tuna mota ɗaya za ta maido ku Dogondutsi, don haka ka yi sammako ka kama kujerar kusa da direba.