Masu Almakashin Ranar Lahadi

A da, a Amurka akwai wasu bayin Allah da Lahadi ta fi Litinin yi musu wahala. Jaridar ranar takan zo da ciki kamar ta ƙoshi, domin an cusa mata takardun talla masu sheƙi, kowace ɗauke da ɗan murabba'i da aka zagaye da ɗigo-ɗigo: ragin santi 50 a kan man goge baki, ragin dala ɗaya idan ka ɗauki kwali biyu na garin wanki. Uwargida sai ta ture labaran siyasa gefe, ta jawo almakashi. Abin da ta yanka za ta jera shi a wani ƙaton fayil mai aljihunan roba, sashen sabulu daban, sashen madara daban, sashen abincin kare daban, ko da kuwa gidan ba a taɓa kiwon kare ba. Su dai masu yi suna kiran wannan tattali. Ni kuwa a ganina abin da ake zuwa saye kanti da takardar ragi shi ne daɗin jin cewa an fi kamfani wayo. Kayan da aka turo a keke gyara ne kawai.

A fara da tambayar wanda ya ƙirƙiro abin. Ba wata ƙungiyar tausaya wa talakawa ba ce. Kamfanin Coca-Cola ne, wajen 1887, ya fara raba tikitin shan kofi ɗaya na lemonsa kyauta, kuma Asa Candler, wanda ya mallaki kamfanin bayan haka, ya riƙe dabarar hannu bibbiyu. An ƙiyasta cewa tsakanin 1894 da 1913 an sha kofi miliyan 8.5 ba a biya ko sisi ba. Wannan kyauta ba ta talauta Candler ba, ta ma taimaka masa ya zama hamshaƙin attajiri, har daga baya ya hau kujerar magajin garin Atlanta. Zuwa 1957 takardun sun yi yawan da sai da kamfanin Nielsen ya buɗe ofishi na musamman a garin Clinton na jihar Iowa, aikinsa ƙirga su da daidaita lissafi tsakanin kantuna da masana'antu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai kaya ya san masu sayensa iri biyu ne: akwai wanda zai biya duk abin da aka rubuta ya wuce, akwai wanda santi goma ke hana shi barci. In ya rage wa kowa, ya yi asarar abin da na farko ya yarda ya bayar. Don haka sai ya bar farashi a sama, ya ɗora wa na biyu aikin yanka da adanawa da duba ranar ƙarewar wa'adi. Daga cikin takardun da ake cusawa a jarida, waɗanda ke komawa kanti ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Sauran sun gama aikinsu na talla tun a kan teburin cin abinci.

Mai shakka ya dubi abin da ya faru da aka gwada yi wa mutane sauƙi. A 1996 kamfanin Procter & Gamble ya daina ba da takardun ragi a biranen Buffalo da Rochester da Syracuse na jihar New York, ya ce zai maye gurbinsu da sauƙin farashi na kullum. Jama'a suka tayar da jijiyar wuya, aka yi ta koke da ƙaurace wa kayansa, babban lauyan jihar ya buɗe bincike. A 1997 kamfanin da wasu takwarorinsa suka amince su biya dala miliyan 4.2, aka kuma raba wa mutane kuɗin ta hanyar da suka fi so, wato takardun ragi. Kantin tufafi na JCPenney bai ɗauki darasi ba. A 2012 sabon shugabansa Ron Johnson, wanda aka ɗauko daga Apple, ya soke takardun, ya ce daga yau farashin gaskiya za a rubuta, ba sauran ƙara kuɗi don a zo a rage. Ciniki ya faɗi da kusan kashi 25 cikin ɗari a shekara guda, a watan Afrilun 2013 aka sallame shi. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa cewa "albarka" alhali tayin ya riga ya haura kuɗin kayansa zai iya faɗa wa Johnson wannan ba tare da ya karɓi ladan shawara ba: mai saye in bai ji an rage masa ba, gani yake an cuce shi.

Za a ce ai akwai iyalan da takardun ke cika musu tukunya da gaske, kuma dariya ba ta dace da mai neman rufin asiri ba. Haka ne. Wadda dama za ta sayi sabulu, ta sami ragin dala a kansa, ta ci riba, ba mai musu. Sai dai a leƙa fayil ɗin a ga abin da ke ciki. Da wuya ka ga ragi a kan albasa ko tumatir ɗanye ko ƙwai. Akasari kayan gwangwani ne da na kwali, da turaren hammata, da sabon samfurin abin da tsohonsa ma ba a bukata. Sau da yawa kayan da kantin ke yi da sunansa, wanda ke can ƙasan kanta ba wanda ya yi masa talla, ya fi mai suna araha ko bayan an cire ragin. Sannan akwai sharaɗin "sayi uku". Mutum ya fito neman ɗaya, ya koma da uku, yana murna ya tsira da kuɗin da dama ba zai kashe ba.

Tashar talabijin ta TLC ta nuna ƙarshen wannan hanya a shirinta Extreme Couponing da ta fara a 2010. Mace ta cika kekuna da kayan ɗaruruwan daloli, mai karɓar kuɗi na ta goga takardu a na'ura ɗaya bayan ɗaya har hannunta ya gaji, na baya a layi na ta duba agogo, a ƙarshe kuɗin ya dawo 'yan daloli, a yi tafi. A gida kuma garejin ya zama sito, takardar bayan gida har rufi, man goge bakin da zai ishi unguwa, mota na waje rana na dukanta. Wasunsu kan ce sadaka suke yi da ragowar, kuma Allah ya ba da lada, amma sa'o'in da aka ƙona ana yanka da jeri ba wanda ke sa su a lissafi. Yanzu abin ya koma waya da katin zama ɗan kanti, almakashi ya huta, kanti kuma ya sami abin da ya fi santi hamsin daraja: ya san me kake ci, yaushe yake ƙare maka, da ranar da aka yi haihuwa a gidanka.

A 2012 'yan sanda a yankin Phoenix na jihar Arizona sun kama wasu mata uku da takardun ragi na jabu da darajarsu ta kai dala miliyan 25, labarin da aka gina fim ɗin Queenpins a kansa a 2021. Ta intanet suke sayar da su, kuma kasuwa ta buɗe musu sosai. Wato an sami mutane masu hankali da suka zaro kuɗi na gaske daga aljihu suka sayi takardar bogi, don gudun kada su kashe kuɗi.